Waiwaye: Gidan rediyon ƙaramin gari da ya ƙi sakin tsohon kiɗan kantiri

A garin Mount Airy da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, garin da mutanensa ba su fi dubu goma da 'yan kai ba, akwai wani gidan rediyo mai suna WPAQ da ke kan zango 740 AM. Tun watan Fabrairun 1948 yake aiki, kuma har gobe tsohon kiɗan mutanen duwatsun yankin yake sakawa, mai banjo da jita da irin gogen Turawa. Wanda ya taso yana jin Don Williams a rediyoyin Najeriya zai gane dangin kiɗan, ko da yake na WPAQ ya fi shi tsufa, ya kuma fi ƙamshin ƙauye.

Rediyo da kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, kusan tare suka girma. A 1924 tashar WLS ta Shikago ta fara shirin rawar ƙauye na daren Asabar, a 1925 kuma WSM ta Nashville, mallakar wani kamfanin inshora, ta fara shirin da ya zama Grand Ole Opry, shahararren shirin kiɗan kantiri. A wancan zamani gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki, don haka da rediyo mai batir ake kama su, maƙwabta su taru a gidan mai shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙananan tashoshi suka yi ta tsirowa gari-gari. Ralph Epperson, ɗan wani ƙauye a tsallaken iyakar Virginia, da taimakon mahaifinsa ya gina WPAQ, ya kuma yi alkawarin keɓe lokaci don makaɗan yankinsu. Ya cika. Manomi ko ma'aikacin masaƙa zai tashi daga aiki, ya rataya banjonsa, ya shigo ɗakin watsa shiri ya kaɗa kai tsaye. Epperson yana naɗar su a faifai, har ya tara taskar da masu bincike ke amfana da ita yau. Shirinsa na ranar Asabar, Merry-Go-Round, yana nan tun 1948, yanzu a zauren Earle ake yin sa gaban jama'a. Tsakanin waƙoƙi kuwa akwai wa'azin fastocin gari, da tallan kantuna, da sanarwar rasuwa. A ganina wannan sanarwa ita ce ƙashin bayan irin waɗannan tashoshi, domin babu wani kamfani daga nesa da zai gaya maka wanda ya rasu a unguwarku da lokacin jana'izarsa.

Guguwar da ta kwashe takwarorin WPAQ ta taso ne a 1996, lokacin da majalisar Amurka ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasa. Kamfanin Clear Channel, mai tashoshi kusan 40, cikin 'yan shekaru ya haura 1,200. Aka sallami masu gabatarwa na gida, aka koma naɗar murya a wani birni ana aikowa ta kwamfuta. Manyan tashoshin kantiri suka rungumi sababbin waƙoƙi, suka ajiye na 1950 zuwa 1980, sai ƙananan tashoshin AM suka ɗauke su domin dattawan masu saurare ba su yarda sun rabu da su ba. A 2017 kuma hukumar FCC, mai kula da kafofin sadarwa a Amurka, ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa tasha samun ɗakin watsa shiri kusa da garin da take yi wa hidima.

WPAQ ta tsira ne don ba a sayar da ita ba. Epperson ya rasu a 2006, ɗansa Kelly ya ci gaba da riƙe ta, kuma yanzu ana kama ta ta intanet daga ko'ina. Sai dai wata barazana ta kunno kai: wasu kamfanonin motoci masu lantarki, ciki har da Tesla, sun daina sa zangon AM a motocinsu, alhali a kan hanya mutanen karkara suka fi sauraro. A 2023 aka gabatar wa majalisa ƙudurin tilasta wa masu ƙera motoci su bar zangon AM a cikinsu.