Mece ce tumbatsar lamba a manhaja?

Kusan duk mai koyon harshen rubuta manhaja irin su Java ko C sai ya zo da wannan tambaya wata rana: na haɗa manyan lambobi biyu, me ya sa amsar ta fito ƙasa da sifili? Abin da ya same shi shi ne abin da masu rubuta manhaja ke kira integer overflow, ko tumbatsar lamba, wato lamba ta yi girman da gurbin da aka ware mata ba zai iya ɗaukarta ba.

Kowace lamba a kwamfuta gurbinta na da iyaka, kuma da bit ake auna shi, wato ɗan ma'ajin da ke ɗaukar 0 ko 1 kawai. Gurbi mai bit 8 yana ɗaukar 0 zuwa 255 ne kawai. Mai bit 16, idan zai haɗa da lambobin ƙasa da sifili, daga -32,768 yake farawa ya tsaya a 32,767. Mai bit 32 kuwa ƙarshensa 2,147,483,647. Ka ƙara ɗaya a kan wannan a Java, sai ka ga -2,147,483,648, kamar yadda mitar mota kan koma sifili idan ta cike.

Ni abin da ya fi damuna a lamarin shi ne shirunsa. Java ba zai ce maka uffan ba, zai ci gaba da lissafi da gurɓatacciyar amsa. A C abin ya fi muni, domin ƙa'idar harshen ba ta ma fayyace abin da zai faru ba idan lamba mai alama, wato irin wadda ke iya sauka ƙasa da sifili, ta tumbatsa, don haka manhajar kan yi abu ɗaya a wannan na'ura ta yi wani daban a waccan. Python ne ya hutar da masu amfani da shi, shi yana faɗaɗa gurbin da kansa gwargwadon girman lambar.

Kada a ɗauka matsalar 'yan koyo ce. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta. An gaji manhajarta ne daga Ariane 4, alhali sabuwar ta fi tsohuwar gudu, sai wata lamba mai bit 64 ta ƙi shiga gurbi mai bit 16, na'urar da ke saita mata hanya ta tsaya cak, mai jiran gadonta ma haka.

Akwai kuma wadda ke tafe. Tsarin Unix, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, yana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Duk na'urar da ke ajiye wannan ƙirga a matsayin lamba mai alama a bit 32, ranar 19 ga Janairu 2038 gurbinta zai cika, agogonta ya koma Disamba 1901. Sababbin kwamfutoci sun koma bit 64, amma tsofaffin na'urorin da aka dasa cikin injuna ba kowa ke tunawa da su ba.

Kafin ka zaɓi gurbi, tambayi kanka lamba mafi girma da za ta taɓa shiga cikinsa, har da wadda ake samu a tsakiyar lissafi. A nan aka fi faɗawa. Neman tsakiyar lambobi biyu ta hanyar haɗa su a raba biyu kan tumbatsa tun a wurin haɗawa. Ka cire ƙaramar daga babbar, ka raba saura biyu, sannan ka ƙara a kan ƙaramar. A Java kuma akwai Math.addExact, wanda ke tsayar da aiki ya sanar da kai da zarar lamba ta wuce iyakarta.