Kiwon zuma a Tawa: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da na kafa amya uku a garkar kawuna bayan gari, kullum tambayoyin ɗaya ne. Ga amsa, kowa ya karanta.

Suna harbi?

Suna harbi. Ka tanadi riga mai ragar fuska, safar hannu da abin hayaƙi kafin ka yi zancen amya.

Ina ake sayen ƙudan zuman?

Ba saye muke yi ba. Shafa kaki cikin amya, ka ajiye ta a inuwa, su zo da kansu.

In ajiye a gidana cikin gari?

Malam, a nan nake so ka natsu. Zumar ƙasarmu tana da zafin rai, in ta fusata ba ta bambanta mai ita da ɗan makwabci ko akuyar da ke ɗaure ba ta iya gudu. In gidanka na tsakiyar unguwa ne, kusa da makarantar allo ko famfo, ni dai ba zan ba ka shawara ba. In a bakin gari kake, da fili da doguwar katanga, mai yiwuwa ne, amma sai ka fara shawartar makwabta, kuma ka tambaya ko akwai wanda jikinsa ke kumbura sosai in an harbe shi. Garka ta fi, sai dai ita ma da sharaɗi. Masu albasa suna fesa magani, feshi ɗaya lokacin fure yana iya kashe maka su da yawa, alhali mai neman irin albasa shi ne ya fi kowa cin amfaninsu. Ku yi magana, ya riƙa feshi da yamma liƙis. Sannan ka duba itatuwa: gawo, magarya, aduwa, bagaruwa, bedi. Suna iya tafiyar kilomita 3 neman fure, amma ruwa dole ya kasance kusa. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, da ruwa suke sanyaya ɗakinsu. Sa kasko, ka jefa tsakuwa da ƙirare don kada su nutse.

Amya ta ciyawa ko ta katako?

Ta katako, samfurin Kenya, wato akwati mai sanduna jere a sama, waɗanda ƙudan zuman ke gina saƙa a jikinsu. Ka ce wa kafinta faɗin kowace sanda milimita 32 zuwa 33, kada ya yi maka da ka.

Ƙudan zumana sun gudu.

Kwantar da hankalinka, ƴar'uwa, ya faru da ni. Yunwa, ƙishirwa, rana ko tururuwa ne. Gyara, sake shafa kaki.

In ɗebi zuma da wuta kamar yadda aka saba?

Haba! Ka ƙone masu yi maka aiki? Hayaƙi kaɗan ya isa. Ɗauki saƙar da suka rufe da kaki, ka bar mai ƴaƴa, ka bar musu abincin rani.

A lasa wa jariri?

A'a. Sai ya cika shekara 1.