Waiwaye: yadda Landan ta mayar da El-Salahi gindin allo

Duk lokacin da aka taso da zancen wai mai zane ko mawaƙi sai ya fita waje idonsa ke buɗewa, ni dai mai zanen nan na Sudan, Ibrahim El-Salahi, ke faɗo min a rai, don labarinsa bai tafi yadda masu wannan magana ke zato ba.

A Omdurman aka haife shi a 1930, babansa malami ne mai makarantar allo, wadda su can suke kira khalwa, kenan tun yana yaro ya san tawada da alƙalamin kara da wanke allo kamar dai kowane almajiri a Kano ko Damagaram. Ya yi karatun zane a Khartoum, sai a 1954 ya samu tallafin karatu zuwa makarantar Slade da ke Landan, ya yi shekara uku. Can ya koyi aikin Turawa sosai, zanen fuska, zanen jikin mutum, yadda ake saka haske da inuwa, yana yawon gidajen tarihi yana kallon aikin magabatansu.

To a 1957 ya dawo gida, Sudan ba ta daɗe da samun 'yanci ba, ya shirya baje kolin zanensa a Khartoum da tunanin za a yi ta tururuwa. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa mutane sun zo ranar buɗewa sun sha lemo sun watse, daga nan shiru kake ji. Kuma tsakani da Allah ba laifinsu bane, mutumin da bangon ɗakinsa ayar Alƙur'ani ce a rataye da tabarma mai ado me zai yi da hoton tuffa a faranti ko zanen tsiraici?

Wannan kunyar ce ta juya shi. Ya ɗan ja baya da zanen, ya shiga yawo cikin ƙasarsa yana leƙa gidajen mutane yana duba me suke ƙawata ɗaki da shi, sai ya ga rubutun larabci ne da zayyana da saƙa da aikin fata, abubuwan da ya taso a cikinsu amma bai taɓa ɗaukarsu a matsayin fasaha ba sai da ya je ya ga yadda wasu ke tattalin nasu. Sai ya fara wasa da haruffa, yana ja musu wutsiya yana lanƙwasa su har fuska ko tsuntsu ko jinjirin wata ya fito daga ciki, kalolin ma ya koma na ƙasa, ja-ja da ruwan ƙasa da baƙin tawada. Da shi da 'yan uwansa masu zane su Ahmed Shibrain da Kamala Ishag aka samu salon zanen da ake kira makarantar Khartoum.

Ya leƙo Najeriya ma, a farkon shekarun 1960 an nuna aikinsa a kulob ɗin marubuta da masu zane na Mbari da ke Ibadan, daidai lokacin da masu zane su Uche Okeke da suka fito daga kwalejin Zariya ke ta irin wannan faɗan na sai an cusa na gida cikin abin da Bature ya koyar.

Tafiyar da ta biyo baya kuma ba ta daɗi bace. A 1975 gwamnatin Numeiri, shugaban Sudan na lokacin, ta kulle shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, yana zane a ɓoye a kan 'yan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a yashi kada gandiroba ya gani. Da ya fito sai Qatar, daga baya ya zauna a Oxford.

A 2013 Tate Modern ta Landan, babbar cibiyar nuna zane-zanen zamani, ta yi masa babban baje koli na aikin rayuwarsa gaba ɗaya, shi ne ɗan Afirka na farko da suka yi wa haka. Amma ni abin da ya fi tsaya min, a can cikin sanyin Ingila ya duƙufa zana wata bishiya ta bakin Nilu da suke kira haraza, ya yi ta zana ta shekara da shekaru. Da na bincika ashe gawo ne, gawonmu dai na gona, wanda ke zubar da ganye da damina sai rani ya yi kore shar.