Waiwaye: Yadda manyan jiragen ruwa suka tashi daga sufuri suka koma otal

Duk lokacin da aka ƙaddamar da sabon katafaren jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, sai muhawarar ta sake tashi. Haka aka yi a Janairun 2024 da Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean ya fara aiki daga Miami, jirgi mai tsawon kimanin mita 365 da hawa 20, wanda zai iya ɗaukar fasinja har 7,600. Nan da nan aka jera hotonsa kusa da na Titanic, wasu na mamakin ya ninka shi girma kusan sau biyar, wasu na cewa wannan ai ba jirgi ba ne, bene ne aka ɗora a kan ruwa. Kwatancen yana da daɗin ji, sai dai jiragen biyu ba sana'a ɗaya suke yi ba.

Na da, aikinsu sufuri ne. A 1840 jirgin Britannia na Samuel Cunard ya tashi daga Liverpool zuwa Halifax da Boston da kwangilar ɗaukar wasiƙun gwamnatin Birtaniya, kuma wannan kwangila ita ta kafa al'adar: ranar tashi ranar tashi ce, ko teku ta kwanta ko ta yi fushi. Wanda zai ratsa arewacin Atlantika a tsakiyar hunturu dole ya gina jirgi mai dogon baki siriri da zai yanka igiya, da ƙarfe mai kauri, da gindi mai nitsewa sosai cikin ruwa, da injuna masu cin kwal ko mai kamar ba gobe. Gudu kuwa abin alfaharin ƙasa ne. Mauretania na Ingila ya riƙe kambun gudu na Blue Riband kusan shekara ashirin kafin Bremen na Jamus ya ƙwace a 1929. Faransa ta fito da Normandie a 1935, Ingila ta mayar da martani da Queen Mary a 1936. A 1952 jirgin United States ya tsallaka Atlantika a kwana uku da awa goma da minti arba'in, yana gudun kusan kilomita 66 a awa.

Masu begen wancan zamani sukan tuna falon cin abinci mai fitilun kwalliya da attajirai cikin kwat. Abin da suke tsallakewa shi ne can ƙasan jirgin, inda ake cunkusa talakawan Italiya da Ireland da Gabashin Turai masu ƙaura, kusa da ƙarar injin, gado bisa gado. Kuɗin waɗannan ne ya riƙe kamfanoni da yawa. Mutum sama da miliyan 12 suka shiga Amurka ta tsibirin Ellis na New York daga 1892 zuwa 1954, kuma da Amurka ta tsuke ƙofar shigowa da dokokin 1921 da 1924, sai kamfanonin suka shiga gyara ɗakunan ƙasa don ɗalibai da malamai masu yawon buɗe ido. Ko a hatsarin Titanic na 1912, da ya ci rai sama da 1,500, 'yan aji na uku sun fi na aji na farko halaka nesa ba kusa ba.

Mu ma hanyar ta taɓa mu. Jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi zirga-zirga tsakanin Ingila da Legas daga 1951 zuwa 1974, yana yada zango a Freetown da gaɓar Ghana, ɗauke da ma'aikatan mulkin mallaka da ɗaliban da ke tafiya karatu.

Abin da ya kashe wannan kasuwa ba daga teku ya fito ba. A Oktoban 1958 kamfanin Pan Am ya fara jigila daga New York zuwa Paris da jirgin sama ƙirar Boeing 707, tafiyar kwana biyar ta koma ta awoyi. Cikin shekara goma komai ya watse. An yi wa Queen Mary ritaya a 1967, yana nan a Long Beach ta Amurka a matsayin otal da gidan tarihi. Jirgin France, da Faransa ta yi taƙama da shi a 1962, an ɗaure shi a 1974 bayan gwamnati ta janye tallafi, sai wani kamfanin Norway ya saye shi, ya sa masa suna Norway, ya tura shi yawo a Caribbean a 1980. A ganina magajin waɗancan jirage na gaskiya shi ne jirgin sama, kujerun alfarma a gaba, cunkoso a baya.

Yawon shaƙatawa a teku ba sabon abu ba ne, tun 1900 Albert Ballin na Hamburg ya sa aka gina Prinzessin Victoria Luise don wannan kaɗai. Amma Miami ce ta mayar da shi na kowa da kowa. Ted Arison ya kafa kamfanin Carnival a 1972 da tsohon jirgin fasinja da ya sa wa suna Mardi Gras, wanda ya kafe a yashi a ranar tafiyarsa ta farko. Daga nan lissafi ya sauya. Fasinjan ba shi da inda yake saurin zuwa, sau tari ma tashar da ya tashi ita zai dawo, don haka gudun kilomita 40 a awa ya wadatar. Gindi bai yi zurfi ba don a shiga ƙananan tashoshi, jiki ya yi faɗi kamar akwati don a samu ɗakuna masu baranda da yawa, kuma idan guguwa ta taso sai a kauce mata ko a fasa zango. Riba tana fitowa ne daga kantuna da wuraren shaye-shaye da caca da rangadin tudu, ba daga tikiti kaɗai ba.

Girman ya zo da nasa rigingimun. Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a 2012, mutum 32 suka mutu. A Fabrairun 2020 aka killace Diamond Princess a Yokohama ta Japan, sama da mutum 700 suka kamu da korona. A 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice.

Jirgi ɗaya ya rage da ke bin tsohon layi: Queen Mary 2 na Cunard, da aka gina a Saint-Nazaire ta Faransa ya fara aiki a 2004. Yana iya gudun da zai kai shi New York daga Southampton da wuri, amma kwana bakwai ake tsara masa, saboda mai yana da tsada kuma fasinjojinsa kwanakin teku suka biya.