Sharaɗin shekara shida: matsayar 1976 da har yau take yanka farashin 'yan wasan besbol

Da zarar an kammala World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran shekara, a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, filayen besbol na Amurka sukan rufe, kasuwar 'yan wasa ta buɗe, gardamar magoya baya kuma ta tashi. Wa zai tafi, wa zai zauna, wane kulob ne aljihunsa zai ɗauka. A Disamban 2023 Shohei Ohtani ya sa hannu da Los Angeles Dodgers kan dala miliyan 700 na shekara 10. Shekara na zagayowa Juan Soto ya karɓi miliyan 765 na shekara 15 daga New York Mets. Tun daga nan wani ɓangare na magoya baya ke ta kukan cewa kuɗi sun ɓata wasan: kulob ɗin ƙaramin gari ya raini yaro, yana fara tashe sai a zo a ɗauke shi, don haka dole a ƙayyade albashi. Ɗaya ɓangaren kuma yana tambaya, kuɗin talabijin da na tikiti da ke kwarara, in ba a ba wanda ke zufa a fili ba, wa za a ba? Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne yarjejeniyar da ke tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba 2026.

Masu gardamar suna yi kamar jiya aka fara. Alhali tushen abin ya kusa shekara 150.

Farkon labarin sananne ne. A 1879 kulob-kulob na babbar gasar National League suka ɓullo da wani sharaɗi da ke ba kulob damar riƙe ɗan wasa ko bayan kwantiraginsa ya ƙare. An fara da mutum biyar a kowane kulob, sannu a hankali ya game kowa. A 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta ce dokar hana kane-kane a kasuwa ba ta shafi besbol ba. A 1969 St. Louis Cardinals ta yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia, ya ce ba ya zuwa, shi ba haja ba ne da za a saya a sayar. Ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kayar da shi a 1972, alƙalai biyar a kan uku. Sai Disamban 1975, lokacin da mai sasanci Peter Seitz ya saurari ƙarar masu jifa (masu jefa wa mai duka ƙwallo) biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, waɗanda suka buga kakar wannan shekarar ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba. Ya yanke cewa ikon da kulob ke da shi na sabunta kwantiragi na shekara ɗaya ne tak, ba kowace shekara har abada ba. Mai bin ƙwallon ƙafa zai tuna hukuncin Bosman na 1995 a Turai, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar sauya kulob ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa ba. To, 'yan besbol sun riga da shekara 20.

Galibin masu ba da tarihin a nan suke tsayawa, su ce an ba 'yan wasa 'yanci, albashi ya yi sama. Ni kuwa ina ganin abin da ya faru cikin wata bakwai da suka biyo baya ya fi hukuncin kansa tasiri a kan kasuwar da ake gardama a kanta yau.

Ga yadda lamarin yake a farkon 1976. Kotuna sun tabbatar da hukuncin Seitz. Kulob 24 ne a lokacin, kowane da 'yan wasa 25, wato mutum 600. A bisa hukuncin, duk wanda ya ga dama zai iya ƙin sa hannu, ya buga shekara ɗaya, ya fita ya nemi wanda zai fi biya. Babu sharaɗin daɗewa, babu na shekaru. Masu kulob sun firgita, har aka rufe sansanonin atisayen bazara na kwana 17 a watan Maris. Sai dai ba su kaɗai abin ya dama ba. Marvin Miller, wanda ke jagorantar ƙungiyar 'yan wasa tun 1966, masanin tattalin arziki ne da ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, kuma ya san abin da duk mai noman rani ya sani: ranar da kowa ya kawo tumatirinsa kasuwa lokaci guda, kwando ba ya daraja. In 'yan wasa ɗari-ɗari suka fito kowace shekara, kulob ɗin da ya rasa mai jifa ɗaya yana da goma da zai zaɓa daga ciki, farashi ba zai motsa ba. Ya riga ya ga akasin haka da idonsa. A ƙarshen 1974 Catfish Hunter ya sami 'yanci shi kaɗai sakamakon wata taƙaddama kan kwantiraginsa, kusan duk kulob-kulob suka yi masa caa, ya ƙare da kwantiragin shekara biyar na sama da dala miliyan 3 a New York Yankees, a zamanin da matsakaicin albashi bai kai dala 50,000 ba.

Mai kulob ɗin Oakland na wancan lokaci, Charlie Finley, ya hango wannan lissafi, ya ba takwarorinsa shawarar a saki kowa da kowa duk shekara. Ba a ɗauki shawarar ba. Masu kulob suna son tabbacin cewa yaron da suka kashe kuɗi suka horar a ƙananan rukunai zai yi musu aiki na wasu shekaru kafin ya tafi, kuma wannan buƙata ce mai ma'ana. 'Yan wasa kuma suna son ƙofar ta kasance a buɗe amma ba wangale ba. Sai buƙatun biyu suka haɗu a wuri ɗaya. A watan Yuli 1976 aka cimma matsaya: ɗan wasa ba zai sami damar zaɓar kulob da kansa ba sai ya cika shekara shida a babban rukuni, wato matakin ƙoli na gasar besbol.

Kowane ɓangare ya tashi daga teburin da abin da ya zo nema, kuma sakamakon bai ɗauki lokaci ba. A Nuwamban wannan shekarar Reggie Jackson ya tafi Yankees kan kusan dala miliyan 3 na shekara biyar. Matsakaicin albashi, wanda yake wajen dala 51,000 a 1976, ya haura 140,000 a 1980. Nolan Ryan ya zama na farko da ya kai miliyan ɗaya a shekara da Houston Astros ta ɗauke shi a ƙarshen 1979. Daga nan zuwa miliyan 252 na Alex Rodriguez a Texas Rangers a 2000, zuwa na Soto, hanya ɗaya ce: taurari kaɗan ke fitowa kowace shekara, masu nema da yawa.

Amma shekara shidan nan tana da wata fuskar da ba a cika kallo ba, kuma ita ce ta fi ci mini rai. A shekaru ukun farko kulob ne ke yanka wa ɗan wasa albashi, yawanci dab da mafi ƙaranci, wanda a 2025 yake dala 760,000. Daga nan sai ya shiga matakin sasanci, inda shi da kulob kowa zai rubuta adadinsa, masu sasanci su zaɓi ɗaya daga cikin biyun. Sai bayan ta shida zai ji ainihin darajarsa a kasuwa. Ohtani kansa ya bi wannan layi. Ya zo daga Japan yana tauraro, amma a 2018 albashinsa a Los Angeles Angels dala 545,000 ne, kuma sai da ya cika shidansa cif kafin maganar miliyan 700 ta taso. Yawancin 'yan wasa kuwa suna shiga babban rukuni ne suna da shekara 23 zuwa 25, don haka lokacin da ƙofar za ta buɗe musu sun doshi 30, ƙarfi ya fara ja baya. Da dama ma ba sa kaiwa, rauni ko raguwar ƙwazo ya fitar da su tun kafin nan. Ke nan ana biyan mutum kaɗan lokacin da yake ganiyarsa, a biya shi da yawa lokacin da ya fara gangarowa. Kwantiragin shekara goma da magoya baya ke kuka da shi idan tauraro ya tsufa a kai, daga nan ya samo asali. Soto ya kafa tarihi ne domin ya fara yana ɗan shekara 19, ya fito kasuwa yana 26, abin da ba kasafai ake samu ba.

Har ƙidayar shekarun ma ta zama abin lissafi. Shekara ɗaya a wannan tsari kwana 172 ce a jerin 'yan wasan babban rukuni, alhali kakar wasa ta kai wajen kwana 186. In aka jinkirta ɗauko yaro daga ƙaramin rukuni da mako biyu da 'yan kwanaki a watan Afrilu, zai gama shekarar da kwana 171, ba ta cika ba. Kwana ɗaya ya rage, amma shida ta koma bakwai. Dokar ce ta bar wannan kafa, kuma duk inda kwana ɗaya ya kai darajar miliyoyin daloli za a sami mai ƙirga shi. Haka ma sabon yayin ba yaro dogon kwantiragi tun bai taka babban fili ba, kamar na shekara takwas kan miliyan 82 da Jackson Chourio ya sa wa hannu da Milwaukee Brewers a 2023: kulob na neman ya riƙe shi har bayan shidan, yaron na neman tabbaci kafin rauni ya riga shi.

Sauran rigingimun da aka yi tun daga lokacin a kewayen wannan katanga aka yi su. Yajin aikin 1994 zuwa 1995, wanda ya ci kwana 232 har aka fasa World Series, kan ƙayyade albashi ne, kuma ba a ƙayyade ba. Sai aka kawo harajin da ake ɗora wa kulob ɗin da jimillar albashinsa ta wuce wani mizani. A rufe harkokin wasa na kwana 99 daga Disamban 2021 zuwa Maris 2022, ƙungiyar 'yan wasa ta nemi a bar waɗanda shekarunsu suka ja su fita bayan shekara biyar, daga baya ta janye. An ƙara mafi ƙarancin albashi, an ware dala miliyan 50 duk shekara don raba wa matasan da suka yi fice, amma shidan tana nan yadda aka bar ta a 1976.

Shi ya sa nake ganin gardamar a ƙayyade ko kar a ƙayyade ta kama reshe ne. In aka sa iyaka a sama aka bar shekara shida a ƙasa, an matse ɗan wasa ta fuska biyu, kuma ƙungiyarsu ta ƙi amincewa da iyaka tun 1994. In aka rage shekarun, kulob ɗin ƙaramin gari zai rasa yaransa da wuri, sai dai 'yan wasa za su yawaita a kasuwa, farashin kowane ɗaya ya sassauta, kuɗin kuma su gangaro kan masu shekara 26 da 27 da ke ɗauke da nauyin wasan. Duk wanda zai zauna a teburin tattaunawar 2026 da niyyar gyara kasuwar, da wannan lambar zai fara cin karo.