Samar da Kayan Kula da Ido a Lokacin Dokar Kulle

Wannan tsari ne da asibitoci da kantunan magani ke bi domin kada masu ciwon ido su yanke magani idan hukuma ta hana fita saboda annoba. Batun ya taso sosai a 2020, lokacin korona. A Najeriya an rufe Legas da Abuja daga 30 ga Maris, Kano kuma a watan Afrilu. Dokar ba ta hana sayar da magani ba, amma rashin abin hawa ya tsare marasa lafiya da yawa a gida.

Duba ido aiki ne na kusa da kusa, kuma Li Wenliang, likitan birnin Wuhan na ƙasar Sin da korona ta kashe a Fabrairun 2020, likitan ido ne. Shi ya sa aka ɗage gwajin tabarau da yawancin aikin yanar ido.

Abin da ba ya jira shi ne maganin gilokoma, wato hawan jinin ido. Idan aka daina ɗigawa, matsin ido yakan haura ba tare da zafi ba, jijiyar gani ta lalace, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Cikin magungunan gilokoma, timolol 0.5% ana ɗiga shi sau biyu a rana, ba a ba mai asma. Latanoprost sau ɗaya ne da dare, kwalbar mililita 2.5 takan kai kusan wata guda. Kafin a buɗe ta, ajiyarta firji ne, digiri 2 zuwa 8, don haka inda wuta ba ta tsayawa tara kwalabe da yawa asara ce. Ya fi kyau a ba majiyyaci timolol na wata biyu ko uku, latanoprost kuma a riƙa aika masa kaɗan-kaɗan ta hannun mai kai saƙo. Kowace kwalba a rubuta mata ranar buɗewa, a zubar bayan mako huɗu.

Wata ɓarnar kulle ita ce sayen maganin jan ido a kemis ba takardar likita. Maganin da ke ɗauke da sinadarin dexamethasone yana ƙara matsin ido, yana kuma tsananta gyambon baƙin ido.

Gushewar gani farat ɗaya, rauni, da ciwo mai tsanani haɗe da amai, duk na gaggawa ne ko da akwai kulle. Idan sinadarin tsaftace hannu ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsafta na minti 20 kafin a tafi asibiti.