Marsiyya: wa ya mutu tukuna?

Tun da maganar galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta yi zafi a 2024, har matasa suka fita zanga-zanga a Accra, da wuya ka kunna rediyo a nan Kumasi ba ka ji kalmar marsiyya ba. Yaro ya tsara baiti goma kan kogin Pra, sai mai gabatarwa ya ce "ga marsiyyar kogunanmu". Har wani ɗan siyasa na ji ya ara ya yafa, da murya kamar mai shirin kuka.

Daga Larabci muka samo ta, ma'anarta waƙar yabon mamaci. Ba kowace waƙar baƙin ciki ce marsiyya ba, sai an yi gawa. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, kuma tsarin da malamanmu suka gada ke nan: a zayyana halayen kirki, a zubar da hawaye, a rufe da addu'a da haƙuri, tunda Mai abu ya karɓi abinsa. Masu yi wa baƙar fatar da aka fitar bauta ta kurkukun Elmina da Cape Coast waƙa, ba ni da ja da su. Waɗannan sun riga mu gidan gaskiya.

Amma kogi? Kwanakin baya na tsaya kan gada a Dunkwa ina kallon kogin Offin. Ruwan ya yi kauri, ja-ja-ja kamar kunun kanwa, injin canfan na masu haƙar zinariya yana ruri daga nesa, ga wata mata riƙe da bokiti tana dubawa ta rasa ta inda za ta ɗiba. Majinyaci na gani, ba gawa ba. Offin ɗin nan ne fa aka tare can sama a Barekese, yake zuwa famfunanmu na Aboabo da Asawase. Da shi muke alwala.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, marsiyya irin tamu ba ta da wanda ake tuhuma, ajali ne kawai. To ajali ne ya zuba zaiba a ruwa? Motocin haƙan nan da ke cinye gonakin koko suna da masu su, kuma ba daga sama suka faɗo ba. Shi ya sa kalmar ta yi wa 'yan siyasa daɗi, kowa ya matse ido ya koma gida. Alhali muna da zambo, muna da habaici, muna da waƙar gargaɗi, duk suna nuna mutum da yatsa.

In dai wurin da za a yi wa marsiyya ake nema, ga tsohon garin Kete Krachi, inda Alhaji Umaru ya karantar ya yi waƙoƙi har ya rasu a 1934. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya haɗiye shi, yau masunta ke wucewa ta kansa da kwalekwale.